A Fara Koya Musu Kafin a Jarraba Su

Tun da Ministan Ilimi Tunji Alausa ya ce daga 2026 hukumomin WAEC da NECO za su koma yin jarrabawa da kwamfuta, aka kuma biyo baya a Satumban 2025 da sabuwar manhajar da ta mayar da fasahar zamani darasin dole ga kowane ɗan babbar sakandare, muke ta kasa kunne mu ji amsar tambaya guda: wa zai koyar, da wace na'ura, da kuma wace wuta? Har yau shiru. Abin da ke fitowa daga Abuja dai ranakun fara aiki da umarni ne kawai.

A takarda manhajar ba ta da aibu. An rage tarin darussan sana'a zuwa shida, ciki har da gyaran kwamfuta da wayar hannu, da kuma haɗa lantarki mai aiki da hasken rana. Duk wanda ya taɓa ratsa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya san akwai abinci a wannan sana'a. Matasa ne birjik, wannan yana canza gilashin waya, wancan yana gyara wurin caji, wani yana yi wa waya filashin, kuma da yawansu da wannan suke riƙe da iyayensu. Amma a tambaye su inda suka koya. A gaban maigida suka koya, a kan benci. Aji bai ba su komai ba, ko da kuwa akwai sunan darasin kwamfuta a takardar sakamakonsu.

Mun daɗe muna kallon wannan wasa. Da aka shigo da tsarin ilimi na 6-3-3-4 a 1982, an narka kuɗi an sayo injinan koyon sana'a daga ƙasashen waje, aka jibge su a makarantun da ba su da ɗakin aiki, ba wuta, ba wanda ya iya haɗa su. Wasu a cikin akwatunansu suka yi tsatsa, wasu kuma suka yi ƙafa. A 1988 aka fitar da manufar ƙasa kan ilimin kwamfuta. A 2011 aka zo da darussan sana'a 34, WAEC ta fara jarraba ɗalibai a kansu a 2014. Me makarantu suka yi? Suka zaɓi waɗanda za a iya koyarwa da alli kaɗai. Darasin sarrafa bayanai, wanda asalinsa aikin hannu ne a gaban na'ura, ya koma hadda: malami ya zana kwamfuta a allo, ya rubuta sunayen sassanta, yara su kwafa, su haddace, su ci jarrabawa, su fita ba su taɓa buɗe fayil ko ɗaya ba. Waɗanda suka tsara wancan shirin ba wanda ya tuhume su.

Masu kare ministan suna cewa kwamfuta za ta rage satar amsa, kuma ai JAMB ta koma yin jarrabawa da ita gaba ɗaya tun 2015, duniya ba ta tashi ba. Satar amsa annoba ce, ba mu musa ba. Sai dai jarrabawar JAMB zama ɗaya ce ta zaɓen amsa, ita kuwa WAEC makonni ake yi, da rubutun insha'i da gwajin kimiyya. Ita JAMB ɗin ma, bayan shekara goma tana abin, a 2025 matsalar na'ura ta sa kusan ɗalibai 380,000 sake zama, har shugabanta Farfesa Ishaq Oloyede ya zubar da hawaye a gaban 'yan jarida. A watan Mayun shekarar kuma ƙasa ta ga yara suna rubuta jarrabawar Turanci ta WAEC da daddare, da hasken tocila, saboda takardun sun makara. Hukumar da ta kasa kai takarda a kan lokaci, ita ce za ta kai intanet ƙauyukan Zamfara da Yobe?

Batun wuta ma bai kamata a tsaya dogon bayani ba. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda a duhu. Shugaban makarantar da ke faman neman kuɗin alli ba zai sayi man janareta don yara su koyi buga rubutu ba.

Inda abin ya fi ciwo shi ne malami. Matashin da ya iya rubuta manhajar kwamfuta ko haɗa na'urori ba zai zauna a kan albashin malamin jiha ba, albashin da ake yi wa jinkiri, ƙarin girma kuma sai an yi kamun ƙafa. Don haka sai a ɗora darasin a kan malamin lissafi, ko a jira ɗan bautar ƙasa wanda zai tafi bayan shekara. Gwamnoninmu kuwa sun fi son sayen na'ura a kan ɗaukar malami, kuma kowa ya san dalili: sayen na'ura kwangila ce, akwai yanka ƙyalle da hoto. Ɗakunan kwamfuta nawa aka buɗe da tambura, aka garƙame su da kwaɗo washegari, ba a sake buɗewa sai ran da baƙi za su zo? Yawancin sakandaren gwamnati a hannun jihohi suke, don haka ba za mu bari gwamnonin Arewa su laɓe bayan Abuja ba. Jihar Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Muna so a gaya wa jama'a malaman kwamfuta nawa aka ɗauka tun daga lokacin, kuma a waɗanne makarantu suke. Sauran jihohin ma tambayar na kansu.

Majalisar Wakilai ta nemi a ɗage jarrabawar kwamfuta zuwa 2030. Gara ɗagewa da gaggawa, amma mun san halinmu. Za a yi barci har 2029, sannan a farka a fara rabon kwangilar gaggawa. Kafin nan 'ya'yan masu hali, da ke makarantun kuɗi masu sola da na'ura, sun ƙara yi wa ɗan talaka nisa.

Abin da muke nema bai fi ƙarfin kowace gwamnati ba. Kowace ma'aikatar ilimi ta jiha ta bi makarantunta ɗaya bayan ɗaya, ta wallafa yawan kwamfutocin da ke aiki, ba waɗanda ke cikin rajista ba, da sunan malamin da ke koyarwa, da inda wuta ke fitowa. A ware alawus na musamman da zai riƙe malamin fasaha a aji. A sa wa makarantu sola kafin a kai musu na'ura. Ƙwararrun masu gyara da ke kasuwanni kuma, hukumar ilimin fasaha ta NBTE da ke Kaduna da hukumar jarrabawar sana'a ta NABTEB su tantance su, a ba su shaida, a biya su su riƙa koyar da aikin hannu, tunda su ne suka iya. Makarantar da ta cika waɗannan sharuɗɗa, a sa ta a jerin masu jarrabawa da kwamfuta. Wadda ba ta cika ba, a bar yaranta da takarda da biro, a kuma kira kwamishinan ilimin jihar gaban majalisar dokoki ya faɗi ranar da zai kai musu malami da wuta da na'ura.