Injin mota ba buhun hatsi ba ne

Yau garaji za mu leƙa.

Duk wanda ke bin hanyoyin Maradi ko Damagaram ya san wannan: mota a gindin dogon yaro, an rataya palan a reshe, inji na lilo a sama, yaro aprenti ya tura hannu ƙarƙashi yana kwance bulon na ƙarshe. Ni abin da nake duba shi ne inda aka ɗaura sarƙar.

Masu ƙera mota sun tanadi wurin ɗagawa. Wasu ƴan ƙarafuna ne masu huda, Faransawa na ce musu pattes de levage, ɗaure a jikin kilas, ɗaya gaba ɗaya baya, galibi a kusurwoyi masu kallon juna, don injin ya taso daidai ba ya karkata. To amma injunan okaziyo da yawa ba su zuwa da su, an kwance a can wajen masu saidawa. A wasu Toyota ma, sai ranar aiki ake ɗaura su. Sai makanisiye ya naɗa igiya, ko tsohon bel na kujera, a duk inda hannu ya kai: bututun shigar iska, ƙafar altanato, har bututun gazuwal. Waɗannan ba a yi su don ɗaukar kaya ba. Wani alminiyo ne, wani ma roba. Ba su lanƙwasa su ba ka lokaci, karyewa suke lokaci guda.

Ku yi lissafi da ni. Injin ƙaramar mota mai silinda 4 yana wuce kilo 100. Na Land Cruiser mai gazuwal, silinda 6, yana kai wajen kilo 300, ba a sa buwat ba. Buhu uku ke nan na hatsi a bisa yatsun ɗan wani. Sannan in sarƙar ta yi gajarta, reshenta biyu suka buɗe sosai, nauyin da ke kan kowane ƙaruwa yake. A digiri 120 kowane reshe yana jan nauyin injin gaba ɗaya.

Na san abin da patron zai ce: shekara ashirin haka muke yi, ba abin da ya faru. Allah ya ƙara kiyayewa, Malam. Amma ba kai ke ƙarƙashin injin ba, yaron da uwa tasa ta ba ka amana ne.

Kuma maganin ba shi da tsada, wallahi. Ƙarfe biyu masu kauri a ajiye su a garaji, bulon mai lamba 8.8 ko 10.9 a kansa, a murza shi ya shiga sosai, ba zare biyu ba. A ɗaga kaɗan, a tsaya, a duba, sannan a ci gaba.

Mai mota, kai ma kafin ka tafi shan shayi, tambayi makanisiyenka ina zai ɗaura sarƙar. Ku makanisiye da ke bin wannan shafi, ku faɗa mana yadda kuke yi in injin ya zo babu ƙarafunan.