KALANGU DA KWAMFUTA: WA ZAI GAJI MAKAƊIN ƘAUYE?

A ƙasar Hausa kiɗa sana'ar gado ce. Ɗan makaɗi yakan tashi da kuntuku a wuyansa, ya yi shekaru yana bin ubansa gidajen biki da gonakin gayya kafin a sakar masa kalangu. Mahauta da kiɗansu, manoma da gangarsu, sarakuna kuma da taushi da kotso. Yau abin ya sauya kama. A garuruwa irin su Mawashi ta ƙasar Kusada, ko Kankiya, saurayin da ya mallaki kwamfuta da makirfo da wutar sola yana iya rufe ɗaki shi kaɗai, ya fito da waƙa har da kiɗanta da amshinta. Ra'ayin wannan maƙala shi ne kwamfuta ba abokiyar gābar kiɗan Hausa ba ce, amma yadda ake sarrafa ta a yanzu yana neman binne wata dukiya da ba ta da madadi.

Wajibi ne a soma da faɗin alherinta. Da can, wanda bai gaji kiɗa ba kunya takan hana shi kusantar ganga, domin ana yi wa sana'ar kallon roƙo. Fiyanon Yamaha da situdiyoyin Kano suka rungumi amfani da shi a shekarun 1990, wanda waƙoƙin fim ɗin Sangaya na 1999 suka ƙara wa farin jini, shi ya fara buɗe ƙofar. Daga baya manhajoji irin su FL Studio, wadda kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam ya ƙera, suka kai aikin har ɗakin talaka. Ɗan malam da ɗan manomi duk sun samu bakin magana, ba tare da sun ciyar da tawagar makaɗa da 'yan amshi ba. Wannan ci gaba ne, kuma babu mai hankalin da zai nemi a koma baya.

To, amma fa kowane allazi da nasa amanu. Hausa harshe ne mai karin sauti: akwai na sama, da na ƙasa, da mai faɗuwa, kuma sau da yawa su ne ke rarrabe ma'anar kalmomi. Kalangu ya san da haka. Idan makaɗi ya matse tsarkiya a hammatarsa sai murya ta hau, idan ya sassauta sai ta sauka. Ta haka ganga take yin magana, har manomi ya ji takensa daga nesa ya ƙara ƙaimi. Gangunan da ke cikin manhaja kuwa galibinsu an naɗo su ne don kiɗan Turai da Amurka. Kowane bugu ƙayyadadde ne, bai san take ba, bai san kirari ba. Daɗin daɗawa, manhajar gyaran murya ta Auto-Tune, wadda ta fito a 1997, takan ja muryar mawaƙi zuwa ma'aunin sautin Turawa, har ka ji mawaƙa goma kamar da maƙogwaro ɗaya suke rerawa.

Misali mafi kusa yana nan maƙwabta. Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, kuma ya rasu a 1999, bai kasance yana waƙa shi kaɗai ba. Makaɗansa sukan saurari numfashinsa, ya ja su bi, ya tsaya su cike gurbi, 'yan amshi kuma su ba shi sararin ƙago sabon ɗa nan take. Wannan musayar da ke tsakanin mutum da mutum ita ce ran waƙar baka. Kwamfuta kuwa abin da aka ɗora mata shi take maimaitawa. Ba ta ganin wanda ya shigo fage, balle ta sauya kiɗa dominsa.

Akwai kuma batun abinci. Duk bikin da aka ɗauko mai lasifika ya saki waƙoƙi daga katin waya, to wani makaɗi ya kwana da yunwa. Ɗansa da ya ga haka ba zai ɗauki kuntuku ba, sai ya nemi babur ɗin haya. Ranar da tsohon ya kwanta dama, taken zuriyoyi da na unguwanni da ya haddace sun bi shi kabari, domin ba a rubuce suke ba.

Wani zai ce ai zamani riga ne, kowa da irin tasa. Gaskiya ne, amma ko sabuwar riga da zaren gida ta fi ƙarko. Mafita ba ta da nisa. Samarin da ke haɗa kiɗa su riƙa gayyatar makaɗan garinsu, su naɗi kalangu da kukuma da gurmi daga hannun masu su, su biya su haƙƙinsu, su kuma ambaci sunayensu a jikin aikin. Sassan nazarin Hausa na jami'o'i, musamman na Katsina da Kano da Zariya, su tura ɗalibai ƙauyuka su naɗo take da kirari tare da ma'anarsu, a tanadi rumbun sautin Hausa wanda kowane mai kwamfuta zai iya ɗiba. Masu biki kuma su ware wa makaɗin gida ko da yini ɗaya.

Kwamfuta kamar ƙwarya take, abin da aka zuba mata shi za ta kai fage. Idan matasan Mawashi da Kankiya suka zuba mata muryar kalangun iyayensu, za ta kai ta inda ƙafar makaɗi ba ta taɓa takawa ba. Idan kuwa suka bar ta da abin da ta zo da shi, nan da 'yan shekaru za a nemi mai fassara taken gangar noma a rasa.