Zafin injin ma dukiya ne, in an san lissafinsa

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da injin wutar lantarki ya san irin zafin da yake hurawa. To, da kuɗi aka sayi wannan zafi. A tashar da ke ƙona gazuwal ko gawayin ƙasa, abin da ke zama lantarki bai cika wuce kashi 40 cikin ɗari na ƙarfin man ba. Sauran yana bin hayaƙi da ruwan sanyaya inji, ya watse a banza.

Ƙasar Danmak, can arewacin Turai, ta ƙi yarda da wannan asara. Bayan tsadar man fetur ta shekarar 1973, ta kafa dokar rarraba zafi a 1979. Tasha guda ce ke ba da lantarki, zafinta kuma ya tafasa ruwa, a tura shi cikin bututu ta ƙarƙashin ƙasa har zuwa gidajen unguwa. A yau kusan kashi biyu cikin uku na gidajen ƙasar da irin wannan ruwa suke jin ɗumi, kuma tashar da ke aiki biyu haka tana cin moriyar sama da kashi 80 cikin ɗari na manta.

Amma fa akwai wuya, domin bukatun biyu ba su zuwa tare. Sa'ar da ake neman wuta da yawa, watakila ba a neman zafi. Ran da iska ta kaɗa injinan iska, lantarki ya yi araha, kunna tasha ya zama asara. Shi ya sa ake gina manyan tankunan adana ruwan zafi. Yaya girman tankin zai kasance? Yaushe za a kunna inji, yaushe za a kashe? Alƙalami da takarda ba su isa ba. Tun 1999 jami'ar Alborg take kyautata wata manhajar kwamfuta mai suna EnergyPLAN, wadda ke bin shekara sa'a bayan sa'a, ta nuna man da za a ƙona da kuɗin da za a kashe tun ba a aza tubali ba. Kyauta ake samun ta. Akwai kuma energyPRO ta kamfanin EMD, ita ta sayarwa ce.

Wani zai ce: mu da ke fama da zafin bazara, ina ruwanmu da ɗumama ɗaki? Gaskiya ne, bai kamata mu kwaikwayi Danmak ido rufe ba. Sai dai akwai na'urorin da ke mai da zafin inji sanyi, su yi ƙanƙara, su sanyaya ɗakin ajiyar nama, madara da allurar rigakafi. Tashar Goru Banda ta Yamai, da aka buɗe a 2017, da ta SONICHAR a Anu Araran, kullum suna fitar da zafi. Kuma ba wanda ya manta da watan Agusta na 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take sayar mana.

Abin da muke roƙon hukumomi shi ne su fara da aikin da ba ya ɗaukar ido. Manhaja ba ta san gaibu ba. Abin da aka zuba mata shi take auna wa. Wajibi ne NIGELEC da ma'aikatar makamashi su tattara alƙaluman kowace sa'a, na Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, na bazara da na hunturu, su kuma horar da injiniyoyinmu su riƙa yin lissafin da kansu, domin su iya tantance duk tsarin da ɗan kwangila ya kawo kafin a sa hannu.