Littafin Bashi Ya Tsufa, 'Yan Kasuwa Su Tura 'Ya'yansu Koyon Aikin Akawu Na Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar wani maigida a kasuwar Mil 12 ta Ikko, ko a Sabon Badun, ko a zangon shanu na Lokpanta, ya san wani tsohon littafi mai kaurin bango da akan ɓoye cikin akwatin ƙarfe. A cikinsa dukiyar mutane take kwance. Wane ya ɗauki buhu goma na albasa bai biya ba, wance ta kawo rabi saura rabi, direba ya karɓi kuɗin mai, ɗan dako yana bin ladan kwana uku. Littafin nan ya yi wa 'yan Arewa mazauna Kurmi aiki shekara da shekaru, ba kuwa mai raina shi. Amma gaskiya ɗaya ce, ciniki ya yi masa girma, lokaci ya yi da za a nema masa mataimaki daga cikin 'ya'yan gida.

Tun sa'ad da aka kafa unguwar Sabo a Badun cikin 1916, fataucin goro da na shanu a kan amana yake tafiya. Baƙo ya sauka wurin maigida, maigida ya sa dillali ya sayar, ya kuma tsaya wa mai kaya har a biya shi. Abu guda ne kullum yake fita daga hannunsu, watau aikin takarda. In za a rubuta wa banki, ko ofishin jirgin ƙasa don neman tarago, sai a tafi wurin mai tafireta a bakin gidan waya, a biya shi, a kuma kwance masa sirrin ciniki. Yau tafireta ta kau, amma halin bai sāke ba. Alhaji mai juya miliyoyi har yanzu yakan aiki yaro shagon buga takardu a tsara masa takardar neman biya, wanda ya buga kuwa ya ga farashinsa, ya ga sunan mai sayensa, ya ga ribarsa.

Ga shi kuwa makarantun da ke koyar da wannan aiki suna kewaye da su. Kwalejin Fasaha ta Yaba, wadda aka kafa a 1947, tana tsakiyar Ikko. Akwai ta Badun tun 1970, akwai ta Tarayya a Ilaro tun 1979. Hukumar NBTE mai lura da irin waɗannan kwalejoji, wadda aka kafa a 1977 kuma hedkwatarta ke Kaduna, ta sāke tsarin tsohon kwas na sakatare a 2004, ya zama kwas na fasahar aikin ofis da gudanarwa, wanda ɗalibai ke kira OTM. Shekara biyu ake yi a sami difloma. Mai son ci gaba ya yi shekara guda yana aiki, sa'an nan ya koma ya ƙara biyu ya sami babbar difloma. Ana neman kiredit na sakandare, har da Turanci. Wasu kwalejojin suna da ajin yamma da na ƙarshen mako, saboda haka yaro yana iya yin kasuwa da safe ya tafi aji daga baya.

To, a nan wani zai ce, ai ɗansa ya riga ya iya kwamfuta, kullum hannunsa na kan waya, har ya yi wata uku a shagon koyarwa na bakin titi an ba shi takardar shaida mai ado. Lalle ya iya buga wasiƙa, ya iya tura hoto. Amma wanda ya iya tuƙa keke bai zama direban tirela ba. Abin da ake koyarwa a zurfin wannan kwas dabam yake, ya kamata iyaye su san shi dalla-dalla domin kada a yi musu rufa-ido.

Babbansu shi ne Excel, manhajar lissafi wadda kamfanin Microsoft ya fara fitarwa a 1985. Shafinta guda yana ɗaukar layi fiye da miliyan ɗaya. Mai ƙaramin sani yakan cika ta da lambobi kawai, sa'an nan ya jawo kalkuleta ya tara. Mai zurfin sani kuwa umarni yake ba ta, ita ta yi tarawar da kanta. Alal misali, a ce maigida yana karɓar albasa daga Aliero mota uku a mako, yana rarraba wa masu saye arba'in, mafi yawansu bashi. Yaron da ya ƙware zai shirya shafi guda na shigar kaya, guda na fita, guda na biya. Da umarnin da ake kira SUMIF zai tara abin da ake bin kowane mutum shi kaɗai. Da wanda ake kira VLOOKUP, in ya buga sunan mai saye, sai lambar wayarsa da sauran bashinsa su fito nan take. Zai sa duk bashin da ya wuce kwana talatin ya rine ja da kansa. A ƙarshen wata kuma, da wani taƙaitaccen jadawali da suke kira fibot, cikin minti kaɗan zai nuna wa mahaifinsa wace mota ce ta kawo riba, wace ce kuɗin hanya da ruɓewar kaya suka cinye, wane mai saye ne kullum yake jinkiri. Sau da yawa ɗan kasuwa yakan shekara yana hidima da wani irin kaya yana tsammanin riba yake ci, alhali wani kayan ne ke rufa masa asiri. Rashin sani ya fi dare duhu.

Haka kuma a manhajar Word akwai dabarar da za a rubuta wasiƙar tuni guda ɗaya, a haɗa ta da jerin masu bashi, ta fito guda arba'in, kowace da sunan mai ita da adadin kuɗinsa. Akwai Access ta ajiye bayanai masu yawa, irin rajistar da ƙungiyar 'yan kasuwa ko fadar Sarkin Hausawa ke bukata, ta mambobi da rumfuna da kuɗin ƙungiya. Akwai PowerPoint ta gabatar da bayani gaban manajan banki ko na otal. Har wa yau ana koyar da tsarin ajiye fayil, da rubuta rahoton taro, da ladabin wasiƙar ofis.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne kasuwa ta sāke fuska. Ƙarancin takardun kuɗi da aka sha a farkon 2023, lokacin canjin Naira, ya tilasta wa har mai sayar da tumatir a faranti karɓar kuɗi ta banki. Yanzu kuɗi na shigowa ta waya da sunaye iri-iri, wani da sunan matarsa, wani da na mai POS, maigida ya rasa wa ya biya wa bai biya ba. Wanda ya yi wannan karatu zai sauko da bayanin asusun daga banki, ya gwama shi da jerin masu bashi, ya ware su kafin a kira la'asar. Bugu da ƙari, manyan kantuna da otal-otal da kamfanonin abinci ba sa sayen kaya da fatar baki. Sai da rajistar kamfani, da takardar farashi, da takardar neman biya. Shi ya sa wani da ba shi da ko buhu guda yakan karɓi kwangilar, ya zo Mil 12 ya saya wurin Bahaushe, ya kai ya ci ribar da ta fi ta wanda ya kwana huɗu a hanya. Banki ma in an je neman rance, lissafin shekara yake tambaya, ba ya tambayar yawan jama'ar da ke gaishe da mutum.

Akwai kuma wani dalili mai ɗaci. Waɗanda suka ga abin da ya faru a kasuwar Shasha ta Badun cikin Fabrairun 2021 sun san rumfa takan ƙone cikin sa'a guda. Kaya in sun ƙone an san abin da aka rasa. Littafin bashi in ya ƙone, sai a koma ga tsoron Allah na wanda ake bi. Haka in maigida ya faɗi ya rasu, magada sukan tarar da rubutun da shi kaɗai ke gane shi, dukiyar marayu ta salwanta a hannun mutane. Lissafin da aka ajiye a kwamfuta, aka kuma ajiye kwafinsa a intanet, wuta ba ta cin sa. Malamai kuwa sun sha faɗa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Ba za a ɓoye ba, dattawa suna da nasu uzurin. Wasu na tsoron in an rubuta komi, mai haraji zai gani. Amma wanda ba shi da lissafi shi ne akan yanka wa abin da aka ga dama, ba shi da hujjar musu. Wasu na tsoron ɗan boko zai raina kasuwa, ya tafi yawon neman aikin ofis. Wannan yakan faru, maganinsa kuwa shi ne a ɗora masa littafin gidan tun yana shekarar farko, a yanka masa lada kamar yadda za a biya bare. Wasu kuma na cewa kwamfuta ba ta hana sata. Gaskiya ne, abin da aka zuba mata shi take mayarwa, in an ba ta ƙarya ƙarya za ta tara. Saboda haka maigida ba zai saki ido ba, sai ya riƙa sa a karanta masa lissafi kowace Juma'a, ya gwada da abin da ke kansa. Amana tana nan a matsayinta, rubutu ƙarfafa ta yake yi.

Iyaye kuma su yi hattara wajen zaɓen makaranta. Akwai inda ake koyar da kwamfuta a bakin allo, ɗalibai da yawa na layi a kan inji guda. Kafin a biya kuɗi, a je a ga ɗakin injunan, a tambayi sa'a nawa ɗalibi ke zama a kai a mako, a tabbata NBTE ta amince da kwas ɗin. In hali ya yi a saya wa yaro kwamfutar hannu ko da ta gwanjo ce, kuɗinta bai kai abin da bashi guda da aka manta ke ci ba. Kada kuma a bar 'yan mata baya, domin aiki ne da mace za ta yi daga ɗakinta, ta riƙe lissafin mahaifinta ko na mijinta, har maƙwabta su kawo nasu su biya.

Ya rage ga sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin albasa, da na tumatir, da na shanu, da na goro. Kuɗin da ake tarawa a kan kowace mota ya isa a ɗauki nauyin yara biyu ko uku kowace shekara, da sharaɗin su dawo su riƙe ofishin ƙungiya. Kakanni sun zo Kurmi da ƙafa da jaki, iyaye suka zo da jirgin ƙasa da gingimari, kowane ya riƙe abin da zamaninsa ya kawo. Na yanzu ma ga nasu ya iso, in sun ƙi riƙewa wani zai riƙe musu, ya kuma yanki rabonsa.

Allah ya sa a gane, ya kuma sa albarka a nema.