Ra'ayinmu: Wutar Da Ke Ratsa Birnin Kebbi

A shekarar 2023 ƙasar Sin ta samar da wutar lantarki fiye da yunit tiriliyan 9, wato sama da ninki biyu na abin da Amurka ta samar. Indiya ta kusa tiriliyan 2. Nijeriya kuwa, mai mutane fiye da miliyan 200, ba ta kai biliyan 50 ba.

Amma wannan lissafi na jimla yana da ruɗi, domin ƙasa mai jama'a da yawa tilas ne adadinta ya yi yawa. Ma'aunin gaskiya shi ne rabon mutum guda. A Amurka yakan kai kimanin yunit 12,000 a shekara. A Masar ya haura 1,000. A nan kuwa bai kai 200 ba, abin da ko firji guda ba zai riƙe ba har shekara ta zagayo.

Abin tambaya shi ne, ina gizo yake saƙar? Injinan da aka kafa a ƙasar nan za su iya ba da megawat wajen 13,000, amma abin da ke isa ga jama'a yakan tsaya tsakanin 4,000 da 5,000, saboda ƙarancin iskar gas, da tsufan wayoyi, da bashin da ba a biya.

Mutanen Kebbi sun fi kowa sanin wannan. Babban layin da ya taso daga madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, a Birnin Kebbi yake sauka, daga nan kuma wani ya wuce Yamai. Wasu na ganin a tsinke na Nijar a huta. An tsinke shi a watan Agusta na 2023 bayan juyin mulki, aka mayar a 2024, ƙarancin wuta kuma bai kau ba. Ashe ba maƙwabci ne ya cinye tuwon ba.

Manomin shinkafa a fadamar Argungu da fetur yake ban ruwa, kuma tun da aka janye tallafi a 2023 kuɗin man yake cinye ribarsa. Mai injin casa shi ma haka.

Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta. Mu dai a ganinmu, ya kamata Gwamnatin Jihar Kebbi ta yi amfani da wannan dama, ta fara da famfunan ban ruwa masu aiki da hasken rana a fadamun Argungu kafin noman rani mai zuwa.