RA'AYINMU: Gyaran Katanga Aikin Rani Ne

Kowace shekara idan ruwan watan Agusta ya kankama, labarin da akan ji a garuruwanmu iri ɗaya ne: katanga ta faɗi cikin dare, ta danne awaki, ta rushe ɗaki, wani lokaci har da ran yaro. Sai a ce ruwa ne ya yi ɓarna. Mu a ganinmu, ruwa ƙarasa aiki yake yi. Sakaci ne ya fara shi tun da rani.

Katangar ƙasa ta wuri biyu take mutuwa, wato kai da gindi. Ruwa na sauka a kanta ya bi tsaga ya shiga ciki, wanda ya kwanta a gindi kuma ya jiƙa tubali ya zaizaye shi har ta rasa abin tsayawa. Iyayenmu sun san haka, shi ya sa suke sake yaɓe kafin damina, su gama da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don ta hana ruwa shiga. Yau da yawa mun bar wannan. Ya kamata kowane maigida ya zaga gidansa tun daga watan Fabrairu zuwa Afrilu, ya toshe tsaga, ya tara ƙasa a gindin katanga yadda ruwa zai gangara waje, ya gyara indararo don kada ya riƙa zuba a jikinta. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ba ƙadangare kaɗai ba, har ɓera da maciji.

Masu katangar bulo ma kada su saki jiki. Bulon da aka yi wa rowar siminti yana marmashewa, doguwar katanga marar ginshiƙai kuma iskar farkon damina na iya tura ta. A bar ƙananan kafofi a ƙasa domin ruwan tsakar gida ya sami hanyar fita.

Sai kuma gara, babbar abokiyar gabar danga da zana. Daga cikin ƙasa take tasowa, tana gina hanyarta ta laka a jikin itace, ta cinye ciki ta bar waje kamar lafiya lau. Duk wanda ya ga wannan laka ya kankare ta nan take ya bi sawunta. Wajen kafa dirka a nemi itacen da gara ba ta cika so ba, kamar ƙirya ko giginya, a babbaka gindinsa da wuta kafin a binne. A ɗaga zana kaɗan daga ƙasa, kada kuma a jingina tarin kara ko itacen girki da shinge. Mai sayen maganin gara ya duba lambar NAFDAC, ya ajiye shi nesa da yara, kada ya zuba kusa da rijiya.

Muna kuma ba da shawarar shinge mai rai. Aguwa da dashi da cini-da-zugu duk reshe ake yanka a dasa ya kama, mutanen Filato kuma sun daɗe suna kewaye gida da gona da ƙerana. Amma a kula, ruwan aguwa da na ƙerana na cutar da ido, 'ya'yan cini-da-zugu kuwa guba ne ga yaron da ya ci.

'Yan'uwa, katanga ɗaya takan raba gida biyu, in ta faɗi ba ta zaɓen ɓangare. Maƙwabta su zauna su raba kuɗin gyara tun kafin akuya ta shiga shukar wani, magana ta kai gaban mai unguwa. Muna kira ga matasa su farfaɗo da aikin gayya, su fara da gidajen tsofaffi da na matan da mazansu suka rasu. Kwana biyu na yaɓe a watan Maris sun fi makoki a watan Agusta sauƙi.