Aikin Masana'anta Da Karatun Jinya A Kano

Akwai wani al'amari da ya kamata malaman makaranta su sa wa ido, watau na samari da 'yan mata masu aiki a masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai, waɗanda ke son koyon aikin jinya ba tare da sun ajiye aikinsu ba. Niyyar kyakkyawa ce, gama asibitocinmu suna kukan ƙarancin nas-nas, ga kuma waɗansu ƙwararru suna ta tafiya Ingila da Saudiyya. Amma lalle a gaya musu gaskiya tun kafin su sayi takardar neman shiga.

Karatun nan aƙalla shekara 3 ne, kuma ba na yamma ba ne. Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979, ita ke shirya jarrabawar ƙarshe, ba ta kuwa ba mutum lasisi sai ya cika kwanakinsa a aji da ɗakin majiyyata. To, a nan gizo ke saƙa. Ɗalibi yana da kwanan asibiti, masana'anta kuma tana da aikin dare. Wanda ya kwana tsaye gaban injin roba a Sharaɗa, ko cikin warin fatu a majemar Challawa, sa'an nan gari ya waye ya nufi Asibitin Murtala, da wane ido zai auna magani? Mun sha ganin yaro na gyangyaɗi a aji, abin da ya rasa darasi ne kawai. Gyangyaɗi a gefen gadon majiyyaci kuwa, rai ake magana.

Sai batun kuɗi. A 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000, amma dokar ba ta shafi wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma leburan da ake biya kullum-kullum, ran da bai zo ba ba shi da ko kwabo. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, kuɗin a-daidaita-sahu daga Bompai zuwa cikin gari ma kaɗai abin lissafi ne. Ma'aikacin gwamnati yakan nemi hutun karatu ya samu. Na masana'anta in ya nema, sau da yawa sallama ce amsarsa.

A namu ganin, lokacin da aikin ke da amfani shi ne kafin shiga. Mutum ya yi shekara ɗaya ko biyu yana tanadi, yana gyara Turanci da Lissafi da darussan kimiyya 3 da ake bukata, in ya sami gurbi ya ajiye aikin. Masu masana'antu kuwa, tun da su ma suna bukatar nas a ɗakin shan maganinsu, muna roƙo su ɗauki nauyin ma'aikaci ɗaya ko biyu, bisa yarjejeniyar zai komo ya yi musu aiki shekara 2 bayan ya gama.